Baba Mai Makulli Ya Tafi, Itacen Lemu Bai Yi Shiru Ba

Cikin alhini mai nauyi, da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Lambu da Masu Kiwon Zuma, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Kwamitin Amintattu, da Majalisar Dattawa, da ɗaukacin 'ya'yanta maza da mata, take sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ubanta kuma jigonta, dattijon arziki, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Amintaccen Sito na farko, wanda babba da yaro suka sani da Baba Mai Makulli. Rai ya yi halinsa ne ranar Talata da hantsi a asibiti, bayan ya yanke jiki ya faɗi a cikin lambu yana bakin aiki, kuma an yi masa sutura a wannan rana gaban taron da bai taɓa haɗuwa ba a tarihin ƙungiyar nan. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Marigayin ya bar mai ɗakinsa, wadda dukkanmu muke kira Inna, da 'ya'ya da jikoki, da 'yan akwatunan zuma a bayan gida. Ya kuma bar makulli guda a aljihun rigarsa, kuma saboda wannan makulli ne sanarwarmu ta yau za ta zarce tsawon da aka saba. Muna roƙon jama'a su yi mana uzuri, domin mutumin da ya riƙe mu shekaru talatin da 'yan kai ya wuce a sallame shi da layi uku.

Ga waɗanda ba su san dalilin da ya sa ƙungiyar manoma take da muƙamin mai riƙon makulli ba, ya kamata mu koma baya kaɗan. Kafin a kafa wannan ƙungiya, mai lambu da mai zuma ko gaisuwar kirki ba sa yi. Mai lambu yana ganin itacensa nasa ne, duk ranar da ya ga dama ya saɓa famfon feshi a baya ya watsa maganin ƙwari. Mai zuma kuwa yana ganin fure na Allah ne, ƙudansa su sha inda suka so. Aka yi wata shekara da feshi ya faɗo daidai lokacin da lemu yake cike da fure, masu zuma suka wayi gari suna share gawar ƙudansu da tsintsiya daga bakin akwatuna, wasu manya da gemu suna kuka ba kunya. Masu lambu kuwa, sai da lokacin 'ya'ya ya zo suka ɗaga kai suka ga itatuwa sun yi ganye shar, amma lemun da ke jiki bai taka kara ya karya ba, domin babu ƙudan da za su yi wa fure barbara. A wannan shekarar ce kowa ya gane cewa asarar maƙwabcinsa tasa ce, sai dai girman kai ya hana kowa fara faɗa.

Marigayi Baba ne ya fara faɗa. Yana da ɗan lambu, yana kuma da 'yan akwatunan zuma, shi ya sa kowane ɓangare yake masa kallon ɗan leƙen asirin ɗaya ɓangaren. Ya bi mutane gida gida har ya tara su a rumfar wani kafinta, aka zauna a kan katakai, masu lambu gefe guda, masu zuma gefe guda, kowa ya ɗaure fuska. Shawarar da ya kawo ba ta da wani ado: a samu ɗaki mai ƙofa ɗaya, ranar da furen farko ya buɗe kowane mai lambu ya kawo famfonsa ya rataye a ciki, a sa kwaɗo, ba za a buɗe ba sai ƙudan zuma sun gama da fure. Dattawan da suka halarci zaman sun shaida mana cewa an kai ruwa rana a kan wanda zai riƙe makullin, domin babu wanda ya yarda da wani, har kafintan ya gaji ya ajiye zartonsa ya ce, "Ku ba wannan, shi da ko an buɗe ko an rufe sai ya yi asara." Aka yi dariya, karon farko a zaman, aka miƙa masa. Tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace, ko Inna ma in ta so tsokanarsa Mai Makulli take ce masa.

Duk wanda ya taɓa shiga siton nan ba zai manta shi ba. Ɗaki ne dogo mai taga ɗaya can sama, bangonsa cike da ƙusoshi, kowace ƙusa da famfon da ke rataye a jikinta, wannan an ɗaura masa jan ƙyalle, wancan an ɗiga masa shuɗin fenti, wani kuma mai shi ya rantse zai gane abinsa ko a cikin duhu, ƙarshe kullum shi ne mai ɗaukar na wani. A bakin ƙofa akwai benci mai ƙafa ɗaya gajera, wanda Baba ya hana a gyara, wai shi ne yake hana mutane daɗewa suna masa surutu. A bayan ɗakin kuma akwai wani tsohon itacen lemu wanda ya girmi ɗakin, wanda yake riga sauran itatuwa yin fure, ya kuma riƙe furensa har sai kowa ya zubar. Wannan itace shi ne alƙalin ƙungiyarmu, Baba kuwa tafintansa.

Marigayin ba ya duba kalanda wajen buɗe sito. Kowace safiya a lokacin fure sai ya zagaya bayan ɗakin, ya tsaya a gindin itacen, ya cire hularsa, ya karkata kai ya kasa kunne. Muddin itacen yana ruri da kukan ƙudan zuma, sai ya mayar da hularsa ya ce, "Baƙi ba su tashi ba," ya koma bencinsa. Ranar da ya saurara ya ji tsit, sai ya kama reshe ya girgiza, in busasshen fure ya zubo masa a kafaɗa, to ranar ce za a ji ƙarar kwaɗo. Babu wanda ya taɓa ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa, ba don ba a so ba, sai don kowa yana iya zuwa ya tsaya a gindin itacen ya ji da kunnensa.

Ya jama'a, waɗancan shekarun suna da daɗin tunawa. A lokacin komai yana zuwa a kan layinsa. Sanyi yakan shigo sosai ya zauna, mu fito da rigunan sanyi masu warin akwati, ƙudan zuma su dunƙule a cikin gidansu ba mai leƙowa sai rana ta ɗaga. Sanyi yana ja da baya sai fure ya buɗe, ƙamshi ya cika hanya har mai wucewa a kan keke yakan rage gudu. Ƙuda su fito su yi aikinsu a natse, fure ya zube, ƙananan 'ya'ya su ɗaura. Sai bayan wannan duka ne wani ɗan malam-buɗe-littafi yake bayyana ya zuba ƙwansa a kan sabon toho, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsar nan koriya mai cin ganye da 'ya'yan da ba su yi ƙwari ba. Tsakanin tashin ƙuda da zuwan tsutsa akwai tazara mai faɗi, har mutum ya wanke famfonsa, ya kai igiyarsa wurin baduku, ya je bikin ɗan'uwa ya dawo, bai makara ba. Baba yakan ce tsutsar wancan zamani tana da tarbiyya, ba ta shiga gida sai ta tabbatar baƙon farko ya fita.

Ranar buɗe sito kuwa ranar farin ciki ce. Masu zuma sukan zo da saƙar farko a cikin faranti, a yanka a bakin ƙofa, kowane mai lambu sai ya lasa kafin a miƙa masa famfonsa. Baba ne yake rabon da wuƙarsa mai kan ƙaho, yana ba mai yawan ƙorafi babban yanki, wai don bakinsa ya samu aikin yi. Shi kansa bai taɓa sa rigar kariya yadda ya kamata ba, kullum akwai inda ya bari a buɗe, kuma kullum sai an harbe shi a wurin. In ya zo taro da kumburarren ido aka yi masa jaje, sai ya ce ai gaisuwa ce, 'ya'yansa ne ba su iya sallama da baki ba. Muna rubuta wannan muna dariya, hawaye kuma yana zuba.

Ba za a ba da tarihin Baba a tsallake mutum ɗaya ba, wato Mai Girma Shugaban Ɓangaren Masu Lambu, mai lambu mafi girma a cikinmu, wanda marigayin ya laƙaba wa suna Gaggawa, sunan kuma ya bi shi har jikokinsa ba su san yana da wani ba. Ya ba mu izinin kiransa da haka a wannan sanarwa. Shi ne mutum na ƙarshe da yake kawo famfunansa kowace shekara, shi ne kuma na farko da yake neman a buɗe. Allah ya ba shi murya, in yana magana a bakin sito ana jiyo shi daga bakin titi. Duk safiyar da Baba ya zagaya gindin itace, Gaggawa yana biye da shi, hannu a baya, yana mita, yana lissafa masa irin asarar da ke jiransa. Mun saba da ganinsu haka, dogo da gajere a gindin lemu, har in an ga ɗaya babu ɗaya sai a tambaya ko lafiya.

Sannu a hankali lokaci ya fara sauya hali. Ba rana ɗaya abin ya faru ba, shi ya sa muka daɗe muna musu. Sanyi ya riƙa makara wajen zuwa, in ya zo kuma bai zauna ba sai ya tashi, rigunan sanyinmu suka koma shekara guda ana sawa, shekara guda ba a ko buɗe akwatin. Fure ya rikice, wani itacen ya yi da wuri, wani ya tsaya jira, lokacin da ƙuda suke buƙata ya ƙara tsawo. Tsutsa kuwa ta zubar da tarbiyyar da Baba yake yaba mata, kowace shekara sai ta matso gaba kaɗan, tazarar nan mai faɗi ta riƙa tsukewa, tun ana samun lokacin zuwa biki har ya zama wanke famfon ma da gudu ake yi. Wadda a da ake fama da ita zubi ɗaya, sai ga ta tana dawowa zubi na biyu kafin a huta.

Baba ne da kansa ya gayyato malamin gona ya yi mana bayani, ya zaunar da shi a kan bencin nan mai gajeriyar ƙafa, ya riƙe masa ɗaya gefen don kada ya kife. Malamin ya ce ƙwaro ba ya ƙirga wata, ɗumi yake bi. Ƙwan da ke kan ganye yana jiran zafi ya taru ya kai masa yadda yake so, in zafin ya taru da wuri sai ya fashe da wuri, kuma duniya gaba ɗaya tana ƙara ɗumi, ba lambunmu kaɗai ba. Ya ce itace da ƙuda da tsutsa kowa da irin yadda yake amsa wannan ɗumi, shi ya sa jerin da muka sani ya wargaje. Marigayin ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, sannan ya juyo ya ce mana, "To, alhamdu lillahi, ashe ba ni ne na tsufa na rikice ba, shekarar ce ta rikice." Daga nan ya sa aka riƙa kiran malamin kowace shekara, kuma duk shawarar da ya kawo, ta tarkon ƙwari ce ko ta sauya irin magani, Baba ne yake fara gwadawa a ɗan lambunsa.

Amma bayani ba ya hana ganye ciwuwa. Tarukanmu suka yi zafi, aka fara jin maganganun da aka rabu da ji tun zamanin rumfar kafinta. Wasu suka ce dokar sito ta tsufa, an yi ta ne don wata duniya da ta wuce. Wasu suka fice daga ƙungiya, suka dawo da suka ga masu zuma sun kwashe akwatunansu daga kusa da su. An taɓa samun wanda ya kawo tsohon famfo ya rataye, ya ɓoye sabo a ƙarƙashin gado. Baba bai kai shi gaban kwamiti ba, bai kuma taɓa faɗin sunansa ba. Ziyara ya kai masa, ya sha shayi, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, da zai tafi ya ce bayansa yana masa ƙaiƙayi, ko akwai abin da zai ɗan goya. Aka gan shi ya ratso unguwa da sabon famfo a baya yana gaisawa da mutane, ba wanda ya iya tambayarsa daga ina.

A 'yan shekarun nan mun lura in an yi masa magana a taro wani lokaci yakan amsa wata daban, a tambaye shi ranar buɗewa ya ce iyali suna lafiya. Muka ɗauka dabara ce irin ta manya, ta kauce wa rigima, har muna yaba masa a kai. Za mu dawo kan wannan.

Bana abin da aka daɗe ana tsoro ya faru. Zafi ya sauko tun kafin a gama sallama da sanyi, tsutsa ta fito fure yana tsakiyar buɗewa, ƙuda suna tsakiyar aiki, tazara ta ƙare gaba ɗaya. In an buɗe sito an yi feshi, za a sake share ƙuda da tsintsiya, a kuma rasa barbarar sauran furen. In an bar shi a rufe, tsutsa tana cin toho da ƙananan 'ya'ya ido na ganin ido. Lambun da ta fi yi wa ɓarna kuwa shi ne na Gaggawa, domin yana fuskantar rana, shi ya fi ɗaukar zafi. Aka yi taron gaggawa, muryoyi suka tashi, Baba ya bari kowa ya gama sannan ya miƙe ya ce, "Ban ce ku yi haƙuri kyauta ba. Ku ba baƙin nan kwanakin da suka rage musu, ni kuma zan biya da hannuna." Ba mu fahimci abin da yake nufi ba sai washegari.

Washegari aka gan shi a lambun Gaggawa da tsohon gwangwanin fenti rataye a wuya, yana bin itace reshe reshe, yana juya ganye yana tsince tsutsa da yatsu yana jefawa a ciki. Dattijon da ya haura saba'in, a lambun da ba nasa ba, a cikin zafin da matasa ma suke gudu. Aka yi masa magana, 'ya'yansa suka yi, Inna ta ɓoye masa takalma ya fita da silifas. Wasu daga cikin masu zuma suka ji nauyi suka bi shi da nasu gwangwanayen, wasu masu lambu ma suka shiga. Kowa ya san hannu ba zai gama da tsutsar lambu guda ba, shi ma ya sani, abin da yake nema shi ne kada wani ya ce an bar shi shi kaɗai da asararsa. A ranar Talata, bayan ya dawo daga gindin itacen sito kamar kullum, ya shiga lambu, rana ta ɗaga, waɗanda ke kusa suka ji faɗuwar gwangwani. Gaggawa ne ya ɗauke shi a kafaɗa har bakin mota.

Ƙungiya ba za ta ɓoye wa jama'a ba, kwanakin zaman makoki sun zo mana da tsoro biyu, na rashin Baba da na abin da zai biyo baya. Sito a rufe, makulli a gidan mamaci, tsutsa ba ta san ana makoki ba. Ana zaune a kan tabarma ana karɓar gaisuwa, ana kuma jin raɗa a gefe, wasu suna cewa a nemo guduma a fasa kwaɗo, masu zuma kuma suna shawarar kwashe akwatunansu su bar yankin gaba ɗaya. Kowa yana satar kallon Gaggawa, domin an san in ya ce a fasa, an fasa. Shi kuwa yana zaune can ƙarshen tabarma, kansa a sunkuye, mutumin da ake jiyowa daga bakin titi ko amsa gaisuwa da ƙyar yake yi.

Ana cikin haka Inna ta aiko a kira mata 'yan kwamiti, har da Gaggawa. Muka shiga muka zauna a falon marigayin, rigar da ya faɗi da ita tana rataye a bayan ƙofa, hularsa a kan rediyo. Ta sa babbar 'yarta ta ciro makullin daga aljihun rigar, ta riƙe shi a tafin hannunta, sannan ta faɗa mana abin da ya sa dukkanmu muka rasa inda za mu sa ido. Da izininta muke maimaita shi kamar yadda ta faɗa.

"Ku kuna cewa dabara yake yi in ya amsa muku wata magana daban. Ba dabara ba ce, kunnen ne ya tafi. Ya fi shekara biyar rabon da ya ji kukan ƙudan zuma, ko na bayan gidan nan ba ya ji, idon ma ba ya kai masa saman itace. Ya so ya ajiye makullin, ya ce in aka sani za a koma rigimar wa zai riƙe, ƙungiya ta watse. Mutum ɗaya ya gaya wa. Kullum in sun tsaya a gindin itacen nan, shi yana cire hula ne kawai, wancan ne yake saurara, in ya gama mitarsa ya sunkuyo ya faɗa masa gaskiya. Ya ce mini, Inna, in Gaggawa ya ce suna nan, to suna nan, in ya ce sun tashi sai in buɗe. Na ce ba ka tsoron ya cuce ka, shi da ya fi kowa son a buɗe? Ya ce ai shi ya sa na zaɓe shi, in ya iya faɗin gaskiyar da take cin lambunsa, to babu sauran wanda zan ji tsoro."

Ya jama'a, a duk waɗannan shekaru, kowace safiya, kalma ɗaya ta isa ta buɗe wa wannan bawan Allah sito, babu kuma wanda zai taɓa sanin daga bakinsa ta fito. Har safiyar Talatar nan, tsutsa tana cinye masa wahalar shekara, ya tsaya kusa da dattijon da ba ya ji, ya saurara, ya ce masa suna nan. Da Inna ta miƙa masa makullin sai ya ja da baya ya ce shi bai cancanta ba, shi ne ya bar tsoho ya shiga rana a lambunsa. Inna ta ce, "Ɗan'uwana, ni da na ɓoye masa takalma ma ban hana shi ba, balle kai. Karɓi, ka daɗe kana riƙe da shi, aljihun ne kawai ba naka ba." Ya karɓa da hannu biyu, kuma ba mu ga laifin kukan da ya yi ba, domin babu wanda ya fita daga falon nan da busasshen ido.

Saboda haka, bayan zaman haɗin gwiwa na Kwamitin Amintattu da Majalisar Dattawa, ƙungiya tana sanar da cewa ta tabbatar da Mai Girma Shugaban Ɓangaren Masu Lambu a matsayin Amintaccen Sito na biyu, ba tare da ko mutum ɗaya ya ja ba. Sito zai ci gaba da zama a rufe har itacen bayansa ya yi shiru. Ana roƙon kowane ɗan ƙungiya, mai lambu ne ko mai zuma, ya fito da gwangwaninsa da sassafe a yi tsinta tare, a kuma tashi kafin rana ta yi zafi, dattawa kuwa an haramta musu shiga, su zauna a inuwa su yi mana addu'a. Ba mu yi wa kowa alkawarin cewa bana za a tsira da amfani mai yawa ba, ba mu kuma san yadda baɗi za ta zo ba, domin malamin gona ya gaya mana kada mu sa ran tsohuwar tazarar nan za ta dawo. Za mu zauna da shi bayan makoki mu nemi hanyar da za ta fisshe mu, a matsayin ƙungiya ɗaya, yadda marigayin ya bar mu.

A madadin Mai Girma Shugaba da ɗaukacin 'ya'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarmu Inna, da 'ya'yan marigayin, da jikokinsa, da 'yan'uwa da abokan arziki na kusa da na nesa. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa aljanna ce makomarsa. Allah ya sanya kowane furen da ya ɗaura 'ya'ya a dalilin haƙurinsa, da kowace gaba da ya kashe tsakanin maƙwabta, a cikin mizaninsa. Allah ya ba Inna da iyalinta juriyar wannan babban rashi, ya albarkaci bayansa, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Akwatunan zumarsa na bayan gida suna hannun ƙungiya, za a kula da su, zumar kuma ta iyalinsa ce.

A safiyar yau, kafin a sa hannu a wannan takarda, na bi ta sito. Benci yana nan da gajeriyar ƙafarsa, kwaɗo yana nan a rufe. Na zagaya baya na tarar da sabon Amintaccen Sito tsaye a gindin lemu shi kaɗai, ya bar gurbin mutum ɗaya a gefensa na dama. Itacen yana ta ruri. Ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi ba a da, ya saurara, sannan ya ɗan sunkuya wajen da babu kowa ya ce, "Suna nan, Baba." Ya mayar da hularsa, ya ɗauki tsohon gwangwanin fentin nan ya rataya a wuya, ya nufi lambunsa.

Sa hannu:
Mai Lasifika, kamar yadda marigayin ya laƙaba mini,
Kakakin Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Lambu da Masu Kiwon Zuma,
a madadin Mai Girma Shugaba da Kwamitin Amintattu.